Shatin Tabarma a Kuncin Jibrin

Ina tsaye a bakin randa da moɗa a hannu, Lawan direba ya leƙo ta ƙofar kicin, ya ƙi shigowa. Ya ce, "Shawulu, sai haƙuri. Malam Jibrin ya cika jiya a ƙauyensu, har an kai shi." Na ce Allah ya jiƙansa. Na dubi ruwan da ke cikin moɗar, na kasa sha, na kasa mayarwa, domin randar shi ya gina ta da hannunsa.

Jibrin mai lambu ne a gidan da nake aikin kuku, a Nasarawa, unguwar Turawa ta Kano. Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, ɗan mishan, shi kuwa daga wani ƙauye a gabas da Kano ya fito. Ɗakunanmu suna jingine da juna a bayan babban gida. Dogo ne, siriri, ba ya sauri a tafiya ko a magana. Mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce, a gefenta ya tashi yana miƙa mata toka da ruwa. Da ta rasu sai ya bar yumɓu, ya shigo birni ya kama fartanya.

Shekaru kaɗan kafin mulkin kai, Baturen gidan ya sa shi haƙa rami a bayan kicin don dasa lemo. Da ramin ya kai ƙugu sai diga ta ci karo da tsingaro, wato gutsattsarin tsohuwar tukunya, jajaye masu kauri. Wani zai watsar ne ya ci gaba da aikinsa. Jibrin ya durƙusa ya tsince su, ya wanke, ya jera a kan dakalin ɗakinsa. A bayan kowanne akwai wani zane ƙanana-ƙanana, layi bisa layi, kamar sawun yayyafi a kan rairayi. A cikin ɗaya kuma ga gurbin babban yatsa. Ya sa nasa a ciki, ya daɗe bai cire ba.

Tun daga ranar ya raɗa wa mai yatsan suna Gwaggo. In rana ta yi sanyi yana ba furanni ruwa, sai ya riƙa ba ni labarinta ta taga kamar wadda ya sani. Ya ce nan inda motoci ke wucewa a ƙarƙashin itatuwa, da can gari ne na mutanen da ba wanda ya riƙe sunansu. Yana ganin hayaƙin murhunsu, yana jin awakinsu. Ga Gwaggo can da ɗan gajeren zane, ta miƙe ƙafafu, yumɓu har gwiwar hannu.

Nakan ce, "Sarkin lambu, ka gaishe ta, ka tambaye ta ko tana da gishiri."

Shi kuma ya ce, "Kuku, kai dai kula da miyar Bature, ga ta can tana ƙauri."

Abin da ya hana shi sukuni shi ne zanen. Mahaifiyarsa da totuwar masara take ado, tana mirgina ta a wuyan tukunya. Ya samo yumɓu ya gwada totuwa, bai yi ba. Ya gwada murɗaɗɗiyar igiya, ya gwada tsinke, ya gwada matajin kai. Ya ɗauki tsingaro ɗaya ya kai wa Hajara, wata dattijuwa mai ginin tukwane a Gawuna. Ta juya shi, ta ce ita dai ba ta gaji wannan ba. Ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce mini, "Mutum ya mutu ba komai, kowa hanyarsa ke nan. Amma a ce abin da hannunsa ya iya ma ya bi shi?"

Da aka sami mulkin kai Bature ya tafi, aka ba wani babban ma'aikacin gwamnati gidan, Alhaji Inuwa, mutum mai sauƙin kai. Ya ce bayan damina za a zuba siminti a bayan kicin a yi gareji. Jibrin bai yi musu ba. Sai dai a wurinsa tsingaron nan aro ne, kayan Gwaggo ne, dole su koma inda ya same su kafin a rufe wurin. In kuwa sun koma bai gane zanen ba, shi ke nan. Ga shi a daminar nan tari ya kama shi, yana ramewa.

Wata rana bayan azahar ya shimfiɗa tabarmar kaba a gindin mangwaro, barci ya kwashe shi. Da na kawo masa kunu ya tashi zaune, na fashe da dariya. Na ce, "Malam, ai Gwaggonka ta yi maka ado kana barci." Ya shafa kuncinsa. Ya dubi damtsensa, inda tabarma ta kwanta masa layi bisa layi. Ya tashi ya ɗauko tsingaro, ya kara kusa da fatarsa. Iri ɗaya ne.

A hankali ya ce, "Ashe ba ado ta yi ba. A kan tabarmarta take aiki."

Mahaifiyarsa a kan kifaffiyar tsohuwar tukunya take ɗora yumɓu, shi ya sa tunaninsa bai taɓa zuwa nan ba. Ya haƙa ɗan gurbi a ƙasa, ya shimfiɗa tabarma a kai, ya ɗora curin yumɓu, yana bugun cikinsa da dutse mai santsi yana juyawa. Ginin farko ya rushe, na biyu ya tsage. Yana tari yana bugu, idonsa a lumshe, kamar mai sauraron wani yana gaya masa. Kafin ruwa ya ɗauke randa ta tsaya da gindinta, jikinta duk shatin tabarma. Ya sa babban yatsansa a ciki, daga ƙasan baki, ya danna.

Ya naɗe tsingaron a sabon ƙyalle, ya mayar da su gindin lemo, ya rufe. Ɗanyar randar kuma muka kai wa Hajara, ta ce sai ta bushe sarai za ta toya ta tare da nata. Bai jira ba, domin 'yan'uwansa sun zo ɗaukarsa. Bayan tafiyarsa randar ta fito daga wuta ja wur, ba tsaga ko ɗaya. Na ƙwanƙwasa ta da gaɓar yatsa, yadda magina ke gwada lafiyar tukunya, ta amsa da wata ƙara mai tsawo kamar daga cikin rijiya. Saƙon da na aika masa ban sani ba ko ya iske shi.

Ranar da zai tafi na raka shi bakin ƙofar gida, ya jingina da ƙyaure yana hutawa. Ya ce, "Kuku, in ta fito ka ƙwanƙwasa mini ita."

Na ce, "In ta yi ƙarar fasasshiya fa?"

"Sai ka shuka mini barkono a ciki."

"In ta amsa kuwa?"

Ya yi murmushi, ya dubi wajen lemon. Ya ce, "Ka cika ta da ruwa. Moɗar farko ka zuba wa itacen can, Gwaggo ta ji sanyi. Sauran ka sha."