A Gida Aka Haifi Dauda

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Mun dawo daga gonarmu ta bakin rafi a bayan Narayi, ƙafafunmu duk jar ƙasa, sai Mama ta sauke kwandon alayyafo a bakin rijiya, ta dafa ƙugu ta ce, "Baban Rifkatu, wannan karon a gida zan haihu." Baba yana wanke kekensa a lokacin. Ya dai ci gaba da goge taya ɗaya har ta fara ƙyalli. Ni kuwa maganar ta ɗaure mini kai. A sanina, asibiti ake zuwa a karɓo jariri, kamar yadda aka karɓo ƙanwata Hannatu naɗe cikin farin tawul. To idan Mama ta ƙi zuwa, wa zai kawo mana shi har gida?

Gidan haya muke zaune, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, da bishiyar mangwaro a ƙofar gida inda muke zana layukan wasan gala-gala bayan mun gama wanke-wanke. A nan na fara bincikena. Doose, 'yar maƙwabcinmu ɗan Binuwai mai tuƙa tasi, ta rantse mini ta cibiya jariri ke fitowa. Wata a ajinmu ta ce a'a, amai uwar ke yi ya faɗo. Da na kai wa Mama maganar, dariya ta yi har tana riƙe ciki, ta ce, "Bari sai kin girma. Yanzu dai je ki jawo mini ruwa."

Sai daga baya na gane abin da ke tsakanin iyayena. Ni a ƙauye aka haife ni, wajen Zonkwa, a hannun Kaka, mahaifiyar Mama. Lokacin Hannatu kuwa a asibiti Mama ta yi naƙuda ita kaɗai, ba a bar kowa nata ya shiga ba, kuma ta ce kaɗaicin ya fi ciwon yi mata zafi. Shi kuma Baba yayarsa ta rasu wajen haihuwa a ƙauye, ana ta neman mota ba a samu ba. Ba su taɓa ɗaga murya a kan zancen ba, amma na lura Baba ya rage cin tuwo.

Mama Jummai ce ta sasanta su. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a Unguwar Boro, kuma tare suke zumuntar mata da Mama a coci. Ta zo wata Lahadi bayan sujada ta zauna a kan benci, ta ce ta yarda za ta karɓi haihuwar, amma Mama ba za ta yi fashin zuwa awo ba, za ta sha maganin ƙarin jini, kuma dole mota ta kasance a ƙofar gida. "Ranar da na ga abin da ban yarda da shi ba," in ji ta, "ni da kaina zan sa ki a mota, ba gardama." Baba ya yi ajiyar zuciya, ya je ya yi magana da Baban Doose.

Daga nan gidanmu ya koma wurin shiri, ni kuma ba abin da ya wuce ni. Aka fito da tsofaffin zannuwa, muka wanke su muka shanya a rana, Mama ta bi su da dutsen guga na gawayi ta jera a cikin akwati. Aka sayo babbar leda ta shimfiɗa, da sabuwar reza da aka gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe takardarta. Baba ya tara itace a bayan ɗaki har ya kusa kai taga. Kaka ta iso daga ƙauye da acca da citta da gero da kanwa, ta karɓe madafi. Kowace safiya kafin makaranta nakan raka Mama tattaki zuwa gona, tana tafiya kamar agwagwa, tana tsayawa gaisawa da kowa. Idan Mama Jummai ta zo dubawa, takan ɗora wani abu mai kama da ƙaramin ƙaho a kan cikin ta kafa kunne. Na dame ta da tambaya har ta bar ni na saurara. Na ji wani bugu da sauri-sauri, can ƙasa, na ɗago ina tambayar ko gudu yake yi a ciki.

Ana cikin wata na takwas, Mama ta dawo daga awo fuskarta ba walwala. An ce jaririn a gicciye yake kwance, kuma idan bai juya ba, maganar haihuwa a gida ta ƙare. Mama Jummai ta duba ta ce haka ne, ba ta ƙara ko kalma ɗaya don a ji daɗi ba. Ta dai nuna wa Mama yadda za ta riƙa durƙusawa a tabarma, ƙirjinta a ƙasa. Ranar da na fara ganinta a haka na ɗauka addu'a take yi, na durƙusa kusa da ita na rufe ido na fara "Ubanmu wanda ke cikin sama". Ba ta hana ni ba. Haka muka riƙa yi kullum da yamma, wani lokaci ina yi wa cikin magana ina nuna masa inda ƙasa take. Wata rana muna tsince wake sai na ga rigar Mama ta motsa daga wannan gefe zuwa wancan, ita kuma ta saki tire ta riƙe numfashi. A awo na gaba aka ce kai ya sauko.

Ranar Laraba ce, da rana tsaka. Na dawo daga makaranta na tarar da tasin Baban Doose a ƙarƙashin mangwaro, ƙofar baya a buɗe, Baba yana zaune a ciki sanye da kayan aikinsa na kamfanin masaƙa, hannuwansa a haɗe. An saki labulen ɗakinmu. Matan gidan suna ta kai da komo, wata ta goya Hannatu, wata na dama kunu, Kaka kuma ta ba ni mafici ta ce in kula da wutar ruwan zafi. Ina fifita ina kasa kunne. Na ji nishin Mama, na ji Kaka na yi mata waƙa da yarenmu a hankali, na ji Mama Jummai na ce wa Mama, "Yauwa, Saratu, ƙara kaɗan." Daga nan aka yi shiru, shirun da ya sa Baba ya fito daga mota ya tsaya. Sai kuka ya tashi, siriri mai ƙarfi. Maman Doose ta rangaɗa guɗa, Baba kuwa ya zauna a ƙasa, cikin ƙura, ya rufe fuska da hularsa.

Da aka gyara ɗakin aka kira ni. Mama na kwance tana murmushi, gumi ya jiƙe mata gashi, ƙanena Dauda a kan ƙirjinta jawur da shi, da guntun cibiya an ɗaure da zare. Na tambaya ta ina ya fito. Duk ɗakin aka fashe da dariya, Kaka ta ce in je in kira babana.

Yau Dauda ya fi ni tsawo. An rushe gidan hayar nan, an yi shaguna a wurin, gonar bakin rafi kuma ta zama unguwa. Nawa 'ya'yan a asibiti na haife su, na fari ma sai da aka yi mini aiki, kuma ina gode wa Allah da likitocin da suka cece mu. Sai dai ranar da na dawo da shi gidanmu mai katanga da ƙofar ƙarfe, maƙwabciyata ba ta san na haihu ba sai da ta hango ƙananan kaya a igiya. A zamanin da aka haifi Dauda kuwa, cikin mace ɗaya duk gida ne ke ɗauke da shi.