Hoton Baba Cikin Albasa

"Katin nan ya lalace," in ji mai shagon kwamfuta a Wurno, bayan ya hura mashi iska har sau biyu.

Katin kyamarar marigayi Baba ne. Tun da ya rasu Inna ke son hotonsa, ga shi ba mu da ko ɗaya sai na katin zaɓe, wanda ya fito kamar ana tuhumarsa. Na roƙi mutumin ya ƙara gwadawa. Bayan kwana uku ya kira ni, wai hotuna sun dawo.

Na kai wa Inna su a waya, munka zauna muna dubawa. Na farko albasa ce, na biyu ma albasa. Sai injin ban ruwa, sai dam ɗin Goronyo, sannan albasa ta ci gaba. Ashe Baba bai taɓa miƙa wa kowa kyamarar nan ba.

Ina shirin ba ta haƙuri sai tac ce, "Tsaya, koma baya."

"Inna, mi kinka gani? Fangalin albasa ne."

"Ga shi nan. Ba ka ganin inuwatai a ƙasa? Wa ke karkata hula haka in ba shi ba?"

Wannan hoton munka wanke, yana rataye a ɗakinta. Baƙi kan tambaya ko albasa take saidawa.

Ni ɗansa ne, amma na wuce hoton ban gane shi ba. Ku da mi kuke gane naku?