Ƙarfen Ƙafata da Rediyon Baba

Assalamu alaikum. Masu cigiyata, ina nan da raina. Na daɗe ban leƙo ba, yau dai ga ni.

Wata safiya ina kwance a gadon asibiti, na ɗan buɗe ido, sai ga Babana a tsugune da 'yar rediyonsa. Yana bin ƙafata da ita daga gwiwa zuwa idon sawu, ya kasa kunne. Na maida ido na rufe.

Bari in faro muku daga tushe.

Babur ne ya kayar da ni a wani lungu a Gwammaja, zan kai ɗinki. Ƙafa ta karye, aka kai ni wurin mai ɗori. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya hana ni sakat. Da aka ɗauki hoton ƙashi a asibiti, likita ta ce, "Malam Sadi, ko a sa ƙarfe yanzu, ko nan gaba a yanke."

Baba ya ce ba da yawunsa ba. An turo masa wata murya a waya, wai manyan duniya suna ɓoye na'ura a cikin ƙarfen, su riƙa juya mutum ta sabis kamar talabijin da rimot. Su ce zauna, ka zauna. Su ce bar salla, ka bari.

Inna ta ce, "Malam, manyan duniya sun rasa wanda za su juya sai Sadi tela? Ni da na haife shi ma na kasa."

Ban yi dariya ba, don ni ma maganar ta shige ni. Amma ni ke kwana da warin ƙafar. Na ce, "Baba, in sun canza ni, ai kai za ka fara ganewa."

Ya ce, "To. Amma zan gwada ka."

Inna ta sayar da tunkiyarta, 'yan shagonmu suka yi karo-karo. Awon jini, ƙarin jini, allurai, sai tiyata. Wankin ciwo kuwa, ƙato da ni ina kiran Inna.

To, mu koma safiyar nan da na fara ba ku labari, bayan an yi aiki. Rediyo ba ta yi wani ƙara da zai nuna akwai na'ura a ƙafar ba. Baba ya ajiye ta, ya tsiyayo kunun kanwa, ya taɓa ni. Duk gidanmu an san tun ina yaro ba na shan sa.

"Ungo, shanye."

"Baba, ba na sha."

"Umarni nake ba ka!"

"Wallahi ko da bulala."

Sai na ga ya ja hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗana ne. Taurin kan yana nan, ba su taɓa komai ba."

Yanzu har na koma kan keken ɗinki, da ƙafar nake takawa. Likitoci, nas-nas, 'yan shago, Allah Ya saka da alheri.

Shawarata: in ka karye, hoto tukuna. Ciwon da ya fara wari ba ya jiran gardama. Tsohonka kuma in ya tsorata, kada ka yi masa dariya, so ne. Kai shi gaban likita ya yi tambayarsa.

Baba yanzu cewa yake bai yi kuka ba. To ina da shaidu: Inna, da nas mai wankin ciwo, da Malam Bukar na gadon kusa da ni, wanda ya shanye kunun.