Littafin Poka da Na Bayar Aro

Na fi shekara ina buga poka a waya ba wanda ya sani sai matata da mutumin da ya koya mini. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Ajingi, gidana kuma yana Gaya, kullum ina kan hanya a motar haya safe da yamma. Wanda ya nuna mini wasan abokin aikina ne, malamin kimiyya, ɗan garin Balan. A kudu ya koyo shi lokacin bautar ƙasa. Wata rana bayan an tashi ɗalibai ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba, karta ce amma ba irin ta bayan tasha ba. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe, a riƙa buɗe wasu biyar a tsakiya, kowa ya zuba kuɗi daidai yadda ya yarda da abin da ke hannunsa, ko ya ajiye ya fita. Ya ce ni da na san lissafi zan fi shi jin daɗin abin. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Teburin da nake zama a cikin wayar shi ne mafi ƙanƙanta, inda abin da mutum zai rasa a zama guda bai kai kuɗin motata na rana ɗaya ba. Ba don in wanke kaina nake faɗar wannan ba. Na san sunan abin tun ranar farko, kuma na san hukuncinsa, ba a bayan gari na girma ba. Ina faɗa ne don a san girman abin da na yi, tunda daga baya an auna mini shi da mudun wani.

Watannin farko cinye ni kawai ake yi. In na rasa sai in ce sa'a ce ba ni da ita, ko in ce sabis ne ya yanke. Har na taɓa buga wayar da katifa don wani mai hoton zaki a jikin sunansa ya yi mini burga da katin banza, na ajiye nawa mai kyau, sannan ya buɗe ya nuna mini don ya ƙona mini rai. Matata ta ɗauko wayar ta ajiye mini a kan tabarma, ta ce in dai abin nan ɓacin rai yake sayar mini, ai ana samunsa kyauta a gidan nan. Ban yi dariya ba, amma maganar ta zauna.

Washegari na ɗauki wani sabon littafin rubutu na ja layuka kamar yadda nake yi wa rajistar aji. Gida na farko katin da aka ba ni. Na biyu inda nake zaune a teburin, ko ni ne farkon magana ko na ƙarshe. Na uku abin da na yi. Na huɗu dalili. Wannan na huɗun shi ya fi wuya, don na yi wa kaina alkawari ba zan rubuta dalilin da ya yi kyau a ido ba, sai wanda ya sa hannuna ya danna. Ranar Asabar da hantsi nakan zauna a zaure da jan biro in bi aikin mako, in yi wa kaina maki kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku.

Abin da na gani ya ba ni kunya. A shafi ɗaya sai in tarar na rubuta “haushi” sau da yawa har na gaji da rubutawa na koma sa alama. Na bi mutum da katin banza, takwas da uku, don ya cinye ni a zagayen baya. Na ƙara kuɗi ba ni da komai don an yi taron malamai an ce ban cike takardar darasi daidai ba. Na shiga wasa a cikin mota, katin sarki biyu masu ƙarfi a hannuna, muka zo daidai kwanar da sabis ke ɗaukewa, kafin ya dawo an fitar da ni. Wannan ma da na ɗora wa kamfanin waya, da na zo gidan dalili sai na ga ni ne wawan, tunda kullum a kwanar nan yake ɗaukewa. Na buɗe shafin baya na soma rubuta wa kaina dokoki. Ba wasa a mota. Ba wasa ranar taron malamai. In an cinye ni sau biyu a jere, in ajiye waya in je in yi alwala in zagaya. Daga baya na ƙara wasu da suka shafi wasan kansa: yawancin katin da za a ba ka na ajiyewa ne, kuma wanda ke magana a ƙarshe ya fi kowa gani.

A hankali jan biron ya ragu. Na gane cewa mutum zai iya yin daidai a cinye shi, ya yi shirme ya ci, don haka na daina yi wa kaina maki da abin da ya fito, sai da abin da na sani lokacin da na yanke shawara. Mai hoton zakin nan ma na ware masa shafi. Na lura in katinsa na da kyau yakan ɗan jinkirta, in burga ce nan take yake dannawa. Na jira shi kusan wata guda kafin in kama shi, kuma ranar da na kama shi ban yi ihu ba, rubutawa kawai na yi. Ban yi arziki ba, ban ma kusa ba. Na dai daina zama abincin teburin, kuma ina alfahari da littafin nan fiye da yadda ya kamata malami ya yi alfahari da irinsa.

Alfaharin ne ya sa na nuna wa malamin kimiyya. Shi tuni ya bar ƙananan tebura, ya ce wasan yara ne, mutum ya yi awa biyu a kan kuɗin shayi. Ya juya shafukan yana murmushi, ya ce in ara masa na mako ɗaya. Na ce masa abin da ke ciki na ƙaramin tebur ne, kuma rabinsa gargaɗi ne a kan irin wasan da shi yake yi. Ya ce ya ji. Na ba shi. Mako ya wuce, na tambaya, ya ce bai gama ba. Da na sake tambaya sai ya ce ya manta shi a gida.

Lokacin kaka ne. Mahaifinsa, tsoho manomi, ya ɗora masa buhunan gyaɗar gidansu ya kai kasuwar Ajingi ya sayar, tunda shi ne ɗan boko, shi ba za a cuce shi a awo ba. Ya sayar. Kuɗin ba su isa Balan ba. A kwana biyu ya zuba su a babban tebur, yana bin abin da ya rasa da abin da ya rage, har ya ƙare tas. Duk wannan daga baya na ji. Abin da na fara sani shi ne ranar Litinin ina tsakiyar darasi aka ce shugaban makaranta yana kirana.

Na shiga na tarar da shugaban, da wani mutum da ban sani ba wanda aka ce yayan malamin kimiyya ne, da shi kansa malamin a gefe ya sunkuyar da kai. Littafina yana kan tebur. Yayan ne ya yi bayani. Ya ce ƙaninsa yaron kirki ne, bai san karta ba sai da ya haɗu da ni. Ni na ja shi, ni na rubuta masa littafin koyon caca da hannuna, na ce in ya bi shi ba zai taɓa faɗuwa ba. Ga shaida nan.

Na juya na kalli abokina ina jiran ya ɗago. Bai ɗago ba.

Na ce, “Malam, kai ka faɗa musu haka?”

Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Ai rubutunka ne.”

Na ce wa shugaban ya buɗe shafin baya ya karanta da ƙarfi, ko layi uku ne, a ji ko akwai inda na ce mutum ya ɗauki gyaɗar ubansa ya kai tebur. Na ce a duba a ga wanda ya yi bautar ƙasa a inda ake wannan wasa, ni ko shi. Shugaban bai taɓa littafin ba. Da bakin biro ya ture shi gefe kamar wani abin ƙazanta, ya ce shi tambaya ɗaya zai yi: rubutuna ne ko ba nawa ba? Na ce nawa ne. Ya ce to magana ta ƙare. Ya ce ba zai kai ni gaba ba saboda mutuncin mahaifina, amma daga ranar an karɓe ɗaliban da nake shiryawa gasar lissafi, don ba zai iya kallon iyaye ya ce ga wanda ya damƙa wa 'ya'yansu ba. Yara shida ne, tun farkon zango nake zama da su bayan an tashi. Shi kuwa malamin kimiyya aka ce ya je ya huta kwana biyu, an ga yana cikin damuwa.

Kafin in isa Gaya labari ya riga ni, don yayan bai tsaya a makaranta ba, sai da ya kai littafin har gidanmu. Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya ya koma gona, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Bayan la'asar ya aika a kira ni. Na same shi da tabarau a hanci, littafin a buɗe a cinyarsa. Shi kaɗai ne a cikin duk mutanen nan ya karanta. Na fara zuba bayani, ina rantsuwa, ina faɗin wanda ya koya wa wani. Ya bar ni na gama, ya ce ya gani, wanda ya rubuta wannan ba shi ya ce a sayar da gyaɗa ba. Har na fara jin sanyi. Sai ya cire tabarau.

“Amma caca ce ko ba caca ba ce?”

Na ce, “Baba, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma yawanci lissafi ne.”

“Ban tambaye ka yawansa ba.”

Na ce caca ce. Ya ce abin da ya fi ba shi takaici shi ne tsabtar aikin, layi a miƙe, maki da jan biro, shekara guda ina gyara kaina a kan abin da tun farko bai kamata in iya ba. Sannan ya ce gobe in shirya in je Balan in gaishe da tsohon, in yi masa jaje. Na ce in na je ai na amsa laifin ke nan. Ya ce mutum ya rasa noman shekara, kuma ko ta yaya hannuna ya taɓa abin, zan je. Na fito raina kamar zai fashe.

Na ari babur na tafi. Na sami tsohon a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Na faɗi ko ni wane ne, ina jiran zagi. Ya shimfiɗa mini buhu, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar mahaifina. Na yi masa jaje. Yana murza igiyar ya ce in kwantar da hankalina, shi ya haifi yaron nan, ya san shi tun yana cacar 'yar ƙwarya da kuɗin aike. Ya ce ba jiya ya fara ba, kuma ba ni na koya masa ba.

Na ce, “To Baba, ko za ku faɗa wa shugabanmu haka? Ko a aika masa da kalma ɗaya.”

Ya girgiza kai. Ya ce yaron yana da mata da 'ya'ya, surukansa kuma sun fara magana. In aka ce jan sa aka yi, zai iya zama a garin. Ya ce ni baƙo ne a nan, abin ba zai bi ni har gida ba, in yi haƙuri in bar shi a haka don Allah.

Abin ya riga ya bi ni har gida, amma ban faɗa masa ba. Tsoho ne, rumbunsa ba komai, yana roƙona in riƙe wa ɗansa ƙarya, kuma cikin ladabi yake roƙon. Na yi masa sallama na hau babur. Sai da na fita daga garin na tsaya a gefen wata gonar dawa da aka girbe, na kashe injin, na zagi abokina da duk zagin da na sani, ba kowa a wurin sai kara.

Ban sake buga wasan ba, kuma ba zan ce tuba ce tsantsa ta hana ni ba, har da baƙin ciki. Yaran gasar wani malami aka ba, suka je Kano suka dawo tun zagayen farko. Malamin kimiyya ya dawo aiki bayan hutunsa. Da zango ya kusa ƙarewa ya tare ni a bakin masallacin makaranta, ya miƙo hannu a gaban mutane ya ce mu yafi juna, duk mu masu kuskure ne. Na ce masa in ya shirya faɗin abin da zan yafe masa a gaban shugaban da yayansa, ya san ajin da nake. Mutanen da ke wurin suka ce na cika riƙo. Har aka yi masa canjin makaranta bai zo ba.