Yadda Na Zama Likitan Ɓeraye

Muna shan fura a tsakar gidanmu a Daura, kakata Hajiya ta tambaye ni wane karatu ne ya ɓoye ni shekara biyu.

Na gyara zama na ce, "Bincike nake, Hajiya. Muna ba ɓeraye guba, sannan mu ba su ruwan ciyawar teku, mu ga ko zai kare musu hanta."

Ta ajiye ludayi. "Kuma suna tashi?"

"Da yawansu," na ce, har da murmushi.

"Ikon Allah! Sun cinye mini rabin geron rumbu, ashe jikana ke musu magani."

Yanzu duk unguwa Likitan Ɓeraye ake kirana. Na iya amsa tambayoyin farfesa, na kasa ta Hajiya. Jama'a, me zan ce mata?