Kunnen Mai Kula da Tukunyar Tururi

Maigidana bai taɓa kallon abu ya bar shi da lafiyarsa ba. Ko kujera ka saya, sai ya juya ta ya nuna maka ƙafar da za ta fara karyewa. A masana'antarsu shi ke kula da tukunyar tururi, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke tuƙa injuna. Lokaci-lokaci sukan zauna da injiniyoyi su bi aikin gaɓa-gaɓa: me zai iya lalacewa, wa zai ji ciwo, wa zai fara lura. "In-ta-fashe" abokan aiki ke ce masa. Na sha faɗa da shi kan wannan hali, amma ban taɓa kwana da fargaba a gidansa ba.

Bara na lura kunnensa ya fara nauyi. Buta tana ta ihu a kan wuta, shi yana gefenta yana gyaran fitila, ko a jikinsa. Na ja bakina na yi shiru, don aikin nan shi ne ransa, kuma da kunne yake yin sa. Ɗan tsakin tururi daga bututu ya ishe shi gane akwai matsala.

Ran nan ya dawo da wuri, ya zauna bakin gado ko takalmi bai cire ba.

"Lafiya, maigida?"

"Yau mun yi zama," in ji shi. "Aka ce in bututu ya fara yoyo, wa zai ji? Kowa ya ce In-ta-fashe mana. Sai na ce su sa ni cikin kayan da suka fara lalacewa."

"Kai da bakinka?"

"Mutanen da ke tsayawa gaban tukunyar nan duk masu iyali ne."

Ya ce za a sa na'ura mai ƙara da jar fitila ta riƙa gargaɗi in bututu ya fara yoyo, shi kuma a mayar da shi ɗakin ajiyar kaya. Raina ya ɓaci, na shiga zazzaga masa masifa, hawaye na zuba, don wallahi tausayinsa ne ya ishe ni.

Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ke ma na daɗe ina gyaɗa miki kai, rabin maganarki ba na ji. Dawo ta wannan gefen."

Na koma damansa, na kai bakina dab da kunnensa. Faɗan duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu da aiki, maigida."

"Wannan kam na ji," in ji shi.