Bargon da ke cikin ramin hayaƙi

'Yan uwa, yau saura ƙiris mu rasa Hajiya surukata!

Mijina Baban Ummi ne ya kawo Malam Isufu mai gyare-gyare ya haɗa mana murhun itace a falo. Bututun hayaƙin mai riɓi biyu ne, wai bayansa bai cika zafi ba. Ya zura shi a ramin hayaƙin da ke bango, ya ɗaure, ya hura wuta.

Kafin ka ce me, falo ya turnuƙe! Hajiya tana sama, ga ta da asma. Na haura a guje, na tarar numfashinta na sarƙewa. Sai ambulan!

Malam Isufu ya kashe wutar, ya zare bututun, ya leƙa. Ya jawo bargo baƙi ƙirin, gefensa na ci.

Ya ce, "Innalillahi! Wa ya toshe nan?"

Baban Ummi ya ce, "Tsofaffin masu gidan ne, Allah ya isa!"

Ni ce. Bara da sanyin New York ya ishe ni na cusa shi, na manta shaf.

Muna asibiti yanzu. Yana gefena, ban faɗa masa ba.